Ciwon fata daga adon goshi: Yadda likitancin Ayurveda yake tunkarar matsalar

Miliyoyin mata a Indiya da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita kan soma kowace rana da ɗora wani ɗan jan ɗigo a tsakanin girarsu. Ga wasunsu, wannan ado kan haifar da ƙaiƙayi, ko baƙin tabo, ko kuma farin tabon da kan yi shekaru bai gushe ba.

Matsalar ta zama sananniya a wurin likitocin fata na ƙasar, kuma mutane da dama kan fara neman sauƙi ne daga Ayurveda, wato likitancin gargajiya na Indiya, kafin su je asibitin zamani.

Ga bayani kan adon, da illar da yake yi, da abin da Ayurveda ta tanada, da kuma abin da binciken kimiyya ya tabbatar.

Adon da ma'anarsa

Ɗigon da ake gani a goshin 'yan wasa a fina-finan Indiya sunansa bindi. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Sanskrit, inda "bindu" ke nufin ɗigo.

A aƙidar mabiya addinin Hindu, tsakanin gira wuri ne mai daraja da suke dangantawa da basira da natsuwa. Maza ma kan yi alama a wurin, wadda ake kira tilak, musamman bayan ibada ko lokacin bukukuwa.

Akwai abubuwa uku da ake yawan haɗa su wuri guda alhali sun bambanta.

Na farko shi ne kumkum, jar hodar da ake dangwalawa a goshi. Na biyu shi ne sindur, hoda ja ko mai ruwan goro, wadda matar aure ke zubawa a tsagar gashin kanta. Na uku kuma shi ne bindi na mannawa, ɗan ƙyalle ko roba mai gam a bayansa, wanda ya bazu a kasuwanni tun daga shekarun 1980.

Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta wallafa a shekarar 2021 ya nuna cewa kashi 84 cikin ɗari na mata mabiya Hindu a Indiya suna sa bindi. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 22 cikin ɗari na mata Kiristoci da kashi 18 cikin ɗari na mata Musulmi a ƙasar su ma suna sa shi, abin da ke nuna cewa ga wasu ya zama kwalliya ta al'ada kawai.

Sindur kuwa alama ce ta aure. Ango ne ke fara zuba wa amarya shi ranar biki a sassa da yawa na ƙasar, kuma bisa al'ada mace kan daina sa shi idan mijinta ya mutu.

Wannan ne ya sa shawarar a daina adon take da nauyi. Matar da ta fita da goshi fayau tana iya fuskantar tambayoyi daga surukai da maƙwabta, don haka da yawa kan ci gaba da shafa hodar a kan fatar da ta riga ta kumbura.

Abin da ya sauya

A da, ana haɗa kumkum ne a gida ko a wuraren ibada. Ana busar da kurkum, wato gangamau, a daka shi, sannan a gauraya shi da ɗan farar ƙasa da aka ƙona aka jiƙa. Kaifin farar ƙasar ne ke juya launin kurkum daga ruwan ɗorawa zuwa ja.

Da kasuwa ta buɗe, masana'antu manya da ƙanana suka koma amfani da garin sitaci ko alli, su rina shi da launukan da ake haɗawa daga sinadarai, su zuba turare da magungunan hana lalacewa.

Irin wannan hoda ta fi araha, launinta ya fi ƙyalli, kuma ta fi daɗewa a fata. Sau da yawa akan sayar da ita a buɗe, a tsibi-tsibi, ba tare da wata takarda da ke bayyana abin da ke cikinta ba.

Yanayi ma yana taimaka wa matsalar. Zafi da gumi suna narkar da sinadaran su shigar da su cikin fata, kuma wuri ɗaya ne ake ta maimaita shafawa kullum tsawon shekaru.

Illolin da likitoci ke gani

Illa ta farko ita ce kumburin da ke faruwa idan wani abu mai kaifi ya ci fata kai tsaye. Wurin kan yi ja, ya yi zogi, ya bushe, wani lokaci ya tsattsage.

Ta biyu ita ce wadda garkuwar jiki ke haddasawa. Mutum na iya shekara da shekaru yana amfani da hoda ɗaya lafiya lau, sai wata rana jikinsa ya ɗauki wani sinadari da ke cikinta a matsayin abokin gaba. Daga nan, duk lokacin da ya taɓa fata, sai ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa su fito bayan kwana ɗaya zuwa uku. Jinkirin nan ne ke sa mutane da dama ba su gane musabbabin ba.

Ta uku ita ce duhun fata. A shekarar 2007 likitocin fata a wani asibitin koyarwa da ke birnin Puducherry a kudancin Indiya sun wallafa nazari kan mutane 46 da kumkum ya yi wa illa, inda suka gano cewa mafi yawansu baƙin tabo ne ya bayyana a goshinsu. Irin wannan tabo ya fi fitowa a jikin masu duhun fata, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya dusashe.

Ta huɗu, wadda aka fi tsoro, ita ce farin tabo. A shekarar 1990 likitoci a birnin Allahabad, wanda yanzu ake kira Prayagraj, sun yi nazari kan mutane 100 da fatarsu ta yi fari a daidai inda suke manna bindi. Sun gano cewa gam ɗin yana ɗauke da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PTBP, wanda ke kashe ƙwayoyin halittar da ke samar da launin fata.

A ido, tabon ya yi kama da albaras. A Indiya kuwa, inda har yanzu ake ƙyamar masu farin tabo a wasu wurare, hakan na iya shafar neman auren budurwa da zamanta cikin jama'a, duk da cewa ba ciwo ne da ake ɗauka ba.

Gubar dalma

Akwai wani haɗari da ba a gani a fata. Domin ƙara wa sindur ja da nauyi, wasu masu haɗa shi kan zuba jan sinadarin dalma. Wani nau'in jan launin da aka daɗe ana amfani da shi kuma yana ɗauke da zaiba.

A watan Disamba na shekarar 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a game da wani sindur da ake sayarwa a ƙasar, bayan an gano cewa dalmar da ke cikinsa ta kai kashi 87 cikin ɗari.

A shekarar 2017 kuma, masu bincike a Jami'ar Rutgers sun auna samfuri 118 da suka saya a shagunan jihar New Jersey da kuma biranen Mumbai da Delhi. Kashi 19 cikin ɗari na samfuran Amurka da kashi 43 cikin ɗari na samfuran Indiya sun zarce iyakar da FDA ta ƙayyade wa launukan kayan kwalliya.

Dalma ba ta cika ratsa lafiyayyar fata da yawa ba. Hanyar da ta fi shiga jiki ita ce ta baki da hanci, idan hodar ta taɓa hannu ko abinci, ko yaro ya lasa. Ƙananan yara da masu juna biyu ne suka fi shiga haɗari, domin gubar na lalata ƙwaƙwalwar da ke kan girma. Babu wani man shafawa, na gargajiya ko na zamani, da ke fitar da ita daga jini.

Yadda Ayurveda ke kallon fata

Ma'anar Ayurveda ita ce "ilmin rayuwa". Manyan littattafanta su ne Charaka Samhita da Sushruta Samhita, waɗanda tushensu ya kai kimanin shekaru dubu biyu, sai kuma Ashtanga Hridaya na malami Vagbhata da ya zo daga baya.

A yau tsarin yana da gurbi a hukumance. Ɗalibai kan yi shekaru biyar da rabi kafin su sami digirinsa, kuma a shekarar 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata ta musamman mai suna AYUSH domin kula da shi da sauran hanyoyin magani na gargajiya, ciki har da Unani mai tushe a likitancin Girkawa da Larabawa. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta magungunan gargajiya a garin Jamnagar na jihar Gujarat.

Ayurveda ta ginu ne kan cewa abubuwa uku ke tafiyar da jiki: vata mai alaƙa da iska da motsi, pitta mai alaƙa da zafi, da kapha mai alaƙa da danshi da nauyi. A wannan fahimta, lafiya ita ce daidaituwarsu, ciwo kuwa rinjayen ɗaya ne a kan saura.

Littattafan sun tara yawancin cututtukan fata a ƙarƙashin suna ɗaya, kushtha, suka kasa su gida 18, bakwai manya, 11 ƙanana. Ɗaya daga cikin ƙananan, vicharchika, ita ce masu wannan ilmi ke kwatantawa da kumburin fata mai ƙaiƙayi da tsattsafar ruwa. Farin tabo kuma suna kiransa shvitra.

Idan mai magani ya ga ja da raɗaɗi, yakan ce pitta ce ta yi yawa ta ɓata jini. Idan ƙaiƙayi da ruwa suka fi yawa, sai ya danganta da kapha. Bushewa da tsattsagewa da duhu kuwa na vata ne. A kan wannan rabe-rabe ne yake zaɓar magani.

Tsofaffin littattafan ba su san gam ɗin masana'anta ko launin sinadarai ba, saboda haka masu aikin a yau suna ɗora sabuwar matsalar ne a kan tsofaffin ma'aunai.

Matakin farko

Ƙa'idar da Ayurveda ta fi ba wa muhimmanci ita ce wadda ake kira nidana parivarjana, ma'ana nisantar abin da ya jawo ciwon. A nan ne ta yi daidai da likitancin zamani ba tare da wani saɓani ba.

Ana umartar mai ciwon ta ajiye hodar ko bindin da take amfani da shi, ta wanke wurin da ruwa mai sanyi ba tare da gogewa ba, ta guji sabulu mai ƙamshi, ta kuma kare goshinta daga rana.

Ga wadda al'ada ba za ta bar ta ta zauna babu alama ba, akan ba da shawarar ta jira fatar ta warke, sannan ta koma ga kumkum ɗin da aka haɗa a gida, ta riƙa sauya wurin da take ɗora shi, ta kuma wanke shi kafin barci.

Akan kuma hana wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato manna bindi a jikin madubi ko bangon makewayi da dare a sake amfani da shi da safe, domin yana kwasar datti da ƙwayoyin cuta.

Magungunan shafawa

Bayan an kawar da musabbabi, sai a koma ga lepa, wato kwaɓin da ake shafawa a fata. Yawancinsu abubuwa ne da Ayurveda ke ɗauka masu sanyaya jiki.

Itacen sandal ne kan gaba. Ana goga guntunsa a kan dutse da ɗan ruwa ko ruwan wardi har ya ba da kwaɓi mai laushi. Akan haɗa shi da saiwar ushira, wata ciyawa mai ƙamshi 'yar uwar jema.

Ganyen darbejiya, bishiyar da asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta Afirka ta Yamma, ana dafa shi a tace ruwan a wanke wurin da ke ƙaiƙayi. Ruwan cikin ganyen alobera kuma ana shafa shi domin rage raɗaɗi.

Ga fatar da ta bushe, ana amfani da man kwakwa, ko kuma shatadhauta ghrita, wato man shanun da aka wanke da ruwa sau ɗari, bisa al'ada a cikin tasar tagulla, har ya koma fari mai laushi kamar kirim.

Domin baƙin tabo, sunan da aka fi ji shi ne manjistha, wata saiwa mai jan launi da Ayurveda ke lissafawa cikin masu tsarkake jini. Akwai kuma man da ake kira kumkumadi. Duk da kamancin suna, ba daga hodar goshi ake yin sa ba. A harshen Sanskrit "kumkuma" na nufin za'afaran, wanda shi ne jigon haɗin.

Abinci da wankin ciki

Masu maganin Ayurveda ba sa tsayawa a kan fata kaɗai. Sukan hana mai ciwon cin abu mai tsami, da mai yawan gishiri ko barkono, da soye-soye, domin a ganinsu waɗannan na hura wutar pitta.

Littafin Charaka ya kuma yi gargaɗi kan haɗa abincin da bai dace da juna ba, kuma misalin da ya fi shahara shi ne kifi da madara, wanda littafin ya danganta da cututtukan fata. Binciken zamani bai tabbatar da wannan alaƙa ba.

Idan ciwon ya daɗe, wasu asibitocin Ayurveda kan ba da maganin wankin ciki, ko su fitar da jini ta hanyar ɗora matsattsaku, aikin da manufarsa ta yi kama da ta ƙaho. Likitocin fata na zamani ba su ga buƙatar waɗannan matakai ga ciwon da hodar goshi ta haddasa ba.

Farin tabo da tsiron bakuchi

Ga farin tabo, Ayurveda ta daɗe tana amfani da 'ya'yan wani tsiro mai suna bakuchi. Ana shafa mansa a wurin, sannan mai ciwon ya ɗan zauna a rana.

Wannan yana da tushe a kimiyya. Tsiron na ɗauke da sinadarin soralen, wanda ke sa fata ta ƙara jin hasken rana, kuma hakan na iya zaburar da ƙwayoyin launi. Sinadarai na wannan dangi ne likitocin zamani suka haɗa da fitilu na musamman suka samar da wata hanyar jinya a shekarun 1970.

Sai dai a asibiti ana auna yawan maganin da daƙiƙoƙin hasken. A gida kuwa, yawan man ko daɗewa a rana kan ƙona fata har ta yi bororo, wanda shi ma kan bar sabon tabo. An kuma sami rahotannin lalacewar hanta a wurin wasu da suka sha tsiron.

Abin da kimiyya ta tabbatar

Hujjar da ake da ita kan waɗannan magunguna ba ta kai yawan amfani da su ba. Man kwakwa yana cikin waɗanda aka fi gwadawa. Wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2014 a ƙasar Filifins ya nuna cewa ya taimaka wa yara masu wani nau'in kumburin fata na daban, ta hanyar rage bushewa.

Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa kurkum da darbejiya da sandal suna ɗauke da sinadarai masu rage kumburi ko yaƙar ƙwayoyin cuta, amma nazarin da aka yi a jikin mutane ƙanana ne. Kuma tunda yawancin irin wannan ciwo kan lafa da kansa cikin makonni da zarar an daina shafa hodar, yana da wuya a tantance rawar da kwaɓin ya taka.

Tsirran su ma suna iya zama matsala. Likitoci sun ga mutanen da jikinsu ya ƙi kurkum, da waɗanda man sandal ya sa su ƙuraje. Farar ƙasar da ke cikin kumkum na gida tana iya cin fata idan ta yi yawa. Man darbejiya kuma guba ne ga ƙananan yara idan suka sha.

Magungunan sha na kasuwa suna da nasu haɗarin. Wani bincike da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa a shekarar 2004 ya gano dalma ko zaiba ko asenik a cikin 14 daga magungunan Ayurveda 70 da aka saya a shagunan yankin Boston. Wani na shekarar 2008 kan magunguna 193 da aka saya ta intanet ya sami kusan wannan adadi, wato ɗaya cikin biyar. Wani reshe na Ayurveda mai suna rasa shastra yana zuba ƙarafa a magani da gangan, bisa imanin cewa sarrafa su na kawar da gubarsu.

Lokacin zuwa asibiti

Likitocin fata na ba da shawarar a nemi asibiti idan ciwon bai lafa ba bayan mako ɗaya ko biyu da daina adon, ko ya soma fitar da mugunya, ko ya bazu zuwa fatar ido, ko kuma launin wurin ya fara sauyawa.

Hanyar gano sinadarin da jiki ya ƙi ita ce a manna ƙananan samfura a gadon bayan mutum na tsawon sa'o'i 48, a cire a duba, sannan a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Sanin sunan sinadarin na da amfani, domin sau da yawa yana cikin wasu kayan kamar rinin gashi da turare, kuma jikin da ya ƙi shi ba ya cika mantawa.

Likita na iya ba da man rage kumburi na ɗan gajeren lokaci. Sai dai likitocin Indiya sun daɗe suna kokawa kan yadda mutane ke sayen mayuka masu ƙarfi na sitiroyid ba tare da takardar likita ba, suna shafawa a fuska har fatar ta yi siriri ta lalace.

Farin tabon da gam ya haddasa kan tsaya, wani lokaci launin ya dawo a hankali, idan an daina manna bindin da wuri. Idan aka yi jinkiri yana iya zama na dindindin.

Makamantansa a wasu wurare

Sinadaran da ke cikin wannan labari ba a Indiya kaɗai suke ba. Ɗaya daga cikin waɗanda likitoci ke samu a gwajin masu ciwon kumkum shi ne PPD, wanda shi ne ake zubawa a baƙin lalle da rinin gashi domin su yi baƙi da sauri, kuma yana haddasa irin wannan ƙuraje a hannu da ƙafa.

Haka nan wani nau'in kwalli ana yin sa ne daga dutsen dalma. A shekarar 2012 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan asalin Nijeriya, da aka sami dalma a jininsa, inda awo ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na kwallin da ake sa masa dalma ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da za a iya cewa ba shi da illa.